Makulli a Hannun Hagu

Idan mutum ya yi maka wayo kana ƙarami, wayon nan kuma ya zama shi ne abincinka har furfura ta cika maka gemu, me ya rage tsakaninka da shi, godiya ko ƙorafi? Ban ga wanda ya raba wannan gardama ba. Bahago ma, da abin ya faru a kansa, ya daɗe yana juya ta kamar yadda yake juya fenti a gwangwani, bai taɓa ganin ta kwanta ba.

Bahago mai rubuta alluna ne. Rumfarsa ta kwano tana bakin titi, tsakanin mai faci da wani shago da aka rufe tun da daɗewa. A cikinta akwai benci ɗaya, da gwangwanayen fenti da suka yi ɓawo a baki, da burusai a jiƙe cikin kwalbar kananzir, da tsofaffin alluna da masu su ba su dawo sun karɓa ba. Da can sai ka yi layi kafin ya rubuta maka sunan shagonka. Yanzu kowa ya koma wurin masu buga leda da inji, waɗanda ke gama aiki kafin ka gama gaisawa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna can garuruwa masu nisa, sai dai waya idan sun tuna. A ɗakin da ke bayan rumfar yake kwana. A tsaye yake cin abinci, don ya ce zaman cin abinci na mutum biyu ne.

Da hagu yake komai. Da shi yake ɓalle murfin gwangwani, da shi yake buga ƙusa, da shi yake korar ƙuda. Amma da zarar an zo kan rubutu, sai ya miƙa wa hannun dama buroshi kamar wanda ke mayar da kayan aro.

"Bahagon ƙarya," in ji mai faci, yana dariya daga ƙarƙashin wata taya. "Suna na hagu, sana'a ta dama. Kai ko jemage ya fi ka matsaya."

"Jemage ba ya biyan hayar rumfa," in ji Bahago.

Ranakun da babu aiki, waɗanda yanzu su ne suka fi yawa, firamare yake komawa a ransa. An daɗe da rushe makarantar, an yi jerin shaguna a wurin, amma shi a wurinsa ko taga ɗaya ba ta faɗi ba. Yana ganin tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiya, ana dukansa a madadin ƙararrawa. Yana ganin hedimasta yana shigowa a kan keke, ƙafar wandonsa a ɗaure da roba, yara na watsewa kamar kaji. Yana jin muryar malamin lissafi, wanda suka laƙaba wa suna Saura Nawa, don ko gaisuwa ka yi masa da wannan tambayar zai amsa. Akwai malamin motsa jiki mai tumbi, da ke hura usur daga inuwa yana cewa su ƙara zagaye ɗaya. Duk yana son su, har waɗanda suka zane shi. Amma idan ya gama zagayawa, a aji ɗaya yake tsayawa, wurin Malama.

Rubutun Malama ba irin na kowa ba ne. Kafin ta ɗora harafi a kan baƙin allo sai ta ja layi, kuma ba da rula ba. Zare take shafa wa alli, ta sa yara biyu su riƙe bakinsa, ta ja tsakiyarsa ta saki. Tas! Layi ya fito fari, miƙaƙƙe. "Harafi ba tsuntsu ba ne," takan ce. "Ba ya shawagi. Ku ba shi wurin zama." Har yau da zare Bahago ke jan layi. Sai dai shi ba shi da mai riƙe masa ɗaya bakin, ƙusa yake kafawa.

A ajin da ke kusa da nasu, duk yaron da ya ɗauki alli da hagu, gefen rula yake sha a gaɓoɓin yatsu. Malama ba ta taɓa ɗaga masa hannu ba. Ranar da ta gan shi ya damƙi alli da hagu, kiransa ta yi gaban aji, ta ciro wani ɗan makulli daga jakarta, ta sa masa a tafin hagun, ta naɗe yatsunsa a kai ɗaya bayan ɗaya.

"Riƙe min wannan," ta ce. "Makullin kabad ɗina ne. Duk ajin nan kai na yarda da kai. Kada ka ajiye, kada ka sa a aljihu, aljihu yana da huji. In an tashi ka ba ni."

A gidan gwaggonsa ya taso, cikin yara da yawa, inda ba a taɓa ba shi ajiyar ko allura ba. Sai ga shi riƙe da makullin Malama. Ya koma mazauninsa kansa kamar ya taɓa rufi. Da aka ce a yi rubutu, hannu ɗaya ne ya rage masa, sai ya ɗauki allin da shi. Haka aka yi ta yi kullum har shekara ta ƙare. Makullin kan yi zafi ya jiƙe da gumi, ya bar masa shaida a tafi, shi kuwa ya riƙa nuna wa yara shaidar nan kamar lambar yabo.

Sai da ya yi aure ya haihu, wata rana ya gamu da wani ɗan ajinsu da ya zama direban babbar mota. Suna cikin tuna baya, Bahago ya kawo zancen makullin. Direban ya yi dariya har da dukan cinya.

"Kai har yau ba ka gane ba? Kabad ɗin nan ko kuba ba shi da ita! Da takarda ake tokare ƙofarsa. Mu duk mun sani."

Bahago ma ya yi dariya a lokacin. Amma tun daga ranar nan tambayar ta zauna masa. Yardar da ya fi alfahari da ita a duniya, ashe dabara ce ta ɗaure masa hannu ba tare da igiya ba. To amma hannun da dabarar ta ba shi, shi ya yi masa aure, shi ya sa 'ya'yansa a makaranta. Wani lokaci sai ya kalli hagunsa ya ce ko wane irin rubutu ne ya mutu a cikinsa ba a gani ba? Wani lokaci kuma ya ce, to da da rula aka yi masa fa? Son da yake wa Malama bai ragu ba. Ya dai zama so mai ƙaya a ciki.

Wata rana da hantsi, wata mata ta tsaya a bakin rumfar da sallama. Ba ta yi ciniki ba, ba ta tambayi kuɗin aiki ba. Allunan da ke jingine take bi da kallo.

"Malam, kai ka rubuta allon mai askin can na kusa da tasha?"

"Ni ne. Ya ɓaci ne?"

"A'a. Wucewa nake a mota na gan shi, sai da na sa aka tsaya. Rubutun uwata ne. Yadda take naɗe jelar harafi, da yadda take barin fili tsakanin kalmomi. Na ce ko dai aljani ne, ko ɗalibinta."

Bahago ya ajiye gwangwanin da ke hannunsa. Ya faɗi ajin, ya faɗi bishiyar da ƙarfen taya. Matar ta gyaɗa kai.

"Ni ce autarta. Ɗinki nake yi, allo nake so a ƙofar shagona."

"Malama tana nan?" ya tambaya.

"Tana nan, ba ta nan." Auta ta zauna a bakin bencin ba a ce ta zauna ba. "Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bakin ma ya tafi, sai dai ƙugi. Amma hankalinta garau, Yaya, komai tana ji. Likita ya ce tunda hagu na motsi, a ba ta allo da alli ta riƙa rubuta abin da take so. Na sayo. Ta ƙi ko kallonsa. Sai ta yi ta nuna abu da ido, in kawo ruwa ba shi ba, in kawo filo ba shi ba, har ta gaji ta juya wa bango fuska. Yanzu ma ta daina nunawar. Likita ya ce masu irin wannan, in suka daina nema, ba sa daɗewa."

Tana magana idonta na kan hannunsa, wanda ya ɗauki tsumma yana goge bencin da ba shi da datti.

"Kai bahago ne."

"Haka ake kirana."

"To Allah ne ya kawo ni. Zo ka nuna mata. In ta ga ɗalibinta na rubutu da hagu, wataƙila ta yarda."

"Ƙanwata, hagun nan ba ya rubutu. Bai taɓa yi ba. Allonki zan rubuta miki, ba sai kin biya ba. Amma wancan, ki nemi wani."

Da ta tafi, mai faci, wanda kunnensa ya fi famfonsa aiki, ya leƙo.

"Kullum kana cika min kunne da Malama kaza, Malama kaza. Yau an ce ga Malama, ka noƙe kamar kunkuru. To da wa kake hirar duk shekarun nan?"

Bahago ya san amsar, kuma ba ta da daɗi. Malamar da yake hira da ita tana tsaye ne gaban allo da zare a hannu, ba ta tsufa, ba ta ciwo. Ita kaɗai ta rage masa da ba a rushe ba.

Amma allo in an gama shi sai an kai, kuma shagon Auta a ƙofar gidansu yake. Yana gama kafawa ta riƙe bakin tsaninsa.

"Ka zo har nan ka tafi ba ka gaida malamarka ba? Ko ita ta koya maka haka?"

Ɗakin ƙarami ne, yana warin man shafawa. Gado, kujera mai hannu, taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabta. Malama na kan kujerar, ta koma kamar rabin wadda ya sani. Hannunta na dama na kwance a cinyarta, tafin a sama, yatsun a lanƙwashe. Ɗan allon na kan tebur, sabo fil, ko ɗigon alli babu.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya faɗi ko shi wane ne. Ya yi ta zuba, hedimasta da kekensa, Saura Nawa, mai usur da tumbinsa. Ta kalle shi sau ɗaya ta mayar da ido kan katanga. Bai san ko ta gane shi ba.

"Rubuta mata wani abu," in ji Auta a hankali. "Da hagun."

Ya ɗauki allin. Kafin ya ankara ya riga ya miƙa wa dama. Ya ce a ransa bari ya faranta mata, ta ga shukarta ta yi 'ya'ya. Ya ja layi, ya rubuta gaisuwa da mafi kyawun rubutun da ya iya, jela a naɗe, fili daidai. Ya ɗaga mata.

Malama ta daɗe tana kallo. Sannan ta sauke ido kan hannun da ke cinyarta. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, ta sa bayan hagunta ta ture allon ya faɗi ƙasa, ta juya fuska.

"Haba Mama," in ji Auta. Ta tsugunna ta ɗauki allon. Ba ta kalli Bahago ba da ta ce, "Ka je kawai, Yaya. Na gode da allon shago."

A hanya ne ya gane abin da ya yi. Ya je gaban wadda aka yi wa sata ya baje mata kayanta da aka sace. Ba taurin kai ba ne ya hana ta alli. Matar da ta yi rayuwarta kaf ba ta bar harafi ɗaya ya karkace ba, ta gwammace ta yi shiru har kabari da a ga rubutun kaza ya fito daga hannunta.

Kwana da kwanaki bai buɗe gwangwani ba. Yana zaune a benci yana juya makullin rumfarsa a tafi. Dabarar makullin ta zo masa tun a daren farko, amma ya ƙi ta. Yaro ne ake yi wa wayo, shi ma ga shi har yau bai gama yafewa ba. Ya za a yi ya je ya yi wa tsohuwa, malamarsa, abin da ake yi wa ɗan aji ɗaya? Kuma in ya yi, taimako ne ko ramuwa? Ya leƙa zuciyarsa da kyau, ya ga duka biyun suna zaune a benci ɗaya.

Rannan da rana tsaka ya jawo wani tsohon allo, ya ɗauki alli da hagu. Hannun da ke buga ƙusa ba ya kuskure sai ga shi alli ya gagare shi. Haruffan suka fito manya da ƙanana, suna gangarawa kamar awaki a kan tudu. Hannun yana nan inda aka bar shi, ɗan shekara shida.

Mai faci ya leƙo ya fashe da dariya. "Wace kaza ce ta yi tono a nan? Kai, in masu ba ka aiki suka ga wannan, ka shiga uku. Goge kafin wani ya wuce."

Bahago ya tsaya yana kallon allon. Kunya ta kama shi tun daga wuya har kunne, a gaban mai faci kawai, wanda ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Sai ya ce a ransa, to ina ga ita?

Bai goge ba. Ya rufe rumfar ya kama hanya.

Auta na kan keken ɗinki. Ta ɗago ba fara'a.

"Yaya, tun ranar da ka zo ko shayi sai da faɗa. Kada ka ƙara mata."

"In na ƙara mata, ki kore ni da tsintsiya."

Malama na inda ya bar ta. Wannan karon bai yi dogon zance ba. Ya gaishe ta, ya jawo ƙaramar kujera ya zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa. Ya ciro makullin rumfarsa ya sa a tafin hannunta na dama. Hannun sanyi ƙalau, ba nauyi. Ya naɗe yatsun a kai, ɗaya bayan ɗaya.

"Malama, riƙe min wannan," ya ce. "Kada ki ajiye. Nawa dai yana buɗe wani abu, ko da yake ba abin sata a ciki."

Idonta ya bar katanga. Ya sauka kan makullin, ya hau kan fuskarsa, ya tsaya. Ɓarin bakinta mai rai ya ɗan motsa. Ta gane shi, kuma ta gane ya sani. Shekaru yana tanadin tambayar da zai yi mata in sun haɗu. Ya neme ta a bakinsa a lokacin, ya tarar ba ta da wani amfani a ɗakin nan.

Ya ɗora ɗan allon nata a gwiwarsa yadda za ta gani, ya sa hannun damansa a bayansa, ya ɗauki alli da hagu. Bai ja layi ba. Ya fara da harafin farko, kamar a aji ɗaya. Cikinsa ya fito a buɗe, ƙafarsa ta tafi wani gari. Na biyu ya fi na farko girma, ya jingina da shi kamar mashayi. Auta, da ke bakin ƙofa da almakashi a hannu, ta toshe baki.

"Yaya, wannan fa?"

"Iyakar abin da aka bar min ke nan. Makarantar hagun aka katse."

Malama ta yi ƙugi. Ba irin na rannan ba ne. Wannan ya san shi, shi take yi a bayan yaro in ta tsaya tana kallon allonsa. Gumi ya karyo masa. Ya ci gaba. Na uku ya gangara, na huɗu ya kusa faɗowa daga bakin allon.

"Ni dai na ga sun yi," ya ce. "Ko ba su yi ba, Malama? Ai ana ganewa. Bari in ƙara."

Ta buga hagunta a hannun kujera.

"Me kuma na yi? To ki faɗa min mana. Ni ba mai duba min aiki, ƙusa ce kawai ke riƙe min zare, ita kuwa ba ta magana."

Ya ɗora allin zai fara na biyar. Hannun hagun Malama ya taso daga kujerar a hankali, ya ratsa ɗan filin da ke tsakaninsu, ya kama yatsunsa. Ta fizge allin da ƙarfin da bai zaci tana da shi ba. Ya matsa mata allon, ya riƙe shi da hannu biyu.

Ta kafa allin a ƙarƙashin haruffansa ta fara ja. Layin ya hau, ya sauka, ya katse a tsakiya. Ta tsaya tana kallonsa, numfashinta na fita da ƙarfi, Bahago kuwa ya ƙi ɗaga kai, don kada ta ga ana kallonta. Makullin na nan a ɗaya hannun, bai faɗi ba.

Ta mayar da allin daidai inda layin ya katse, ta ƙarasa shi har bakin allo. Sannan ta koma farkonsa, ta fara zaunar da harafin farko a kai.